Mabushin Kakaki a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada a Argungu ko a Birnin Kebbi ran da Sarki zai hau, ya ji kakaki. Amma ji iri biyu ne. Akwai wanda ƙara kaɗai ke shiga kunnensa, akwai kuwa wanda ya san magana ce a ke yi. Mutum ba ya iya rarrabe gwani da ɗan koyo sai ya zama cikin na biyun, saboda haka ya kamata a bayyana ma'aunin wannan sana'a.

Kakaki ya daɗe a ƙasar Hausa. Littafin tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa ya soma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ba da daɗewa ba, wajen 1516, Kanta ya ɓalle daga Askiya na Songhai, ya zauna Surame, Kabi ta shiga sahun manyan dauloli. A 1805 rundunar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na gaba, ta ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka kafa gadon sarautarsu a Argungu. Malaman jihadi sun soki yawancin kaɗe-kaɗe da bushe-bushen fada, amma duk da haka kakaki bai mutu ba. Yau Sarkin Gwandu na Birnin Kebbi, Sarkin Kabi na Argungu, kowanne da nasa mabusa.

Shi kakaki dogon bututu ne na ƙarfe, ya fi mutum tsawo nesa, gaɓa-gaɓa a ke haɗa shi. Ba shi da huji ko ɗaya da yatsa zai danna kamar na algaita, leɓe da numfashi su ke yin aikin duka. Galibi murya biyu a ke fitarwa da shi, ta sama da ta ƙasa. To, yaya murya biyu za ta yi magana? Amsar tana cikin Hausa kanta, don kowace gaɓar kalma da muryarta. Kukan yaro da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, amma ta farko sama ta ke tafiya duka, ta biyun kuwa sauka ta ke yi a ƙarshe. Wannan hawa da sauka, da jan gaɓa da taƙaita ta, su mabushi ke bi, har wanda ya san taken Sarki ya ji shi sarai.

Ma'auni na fari ke nan, a lokacin da mabushi ke busa shi kaɗai. Gwani ya kan fid da take kalma-kalma, ba ya yanke numfashi a tsakiyar suna, muryarsa ta sama ba ta tsagewa. Ɗan koyo kuwa ƙarfi ya ke nunawa, ya kumbura kumatu ya cika fili da ƙara, amma in an tambayi dattijo me aka ce, sai ya girgiza kai. Ƙarfin ƙirji kyauta ce daga Allah, iya magana kuwa sai an zauna gindin manya shekara da shekaru, shi ya sa sana'ar ta fi zama a gidajen gado.

Ma'auni na biyu shi ne zama cikin 'yan'uwa. A yawancin fadojin ƙasar Hausa a kan taru daren Juma'a a ƙofar fada, ga kakaki, ga algaita, ga farai, ga masu ganga. Mai algaita ba ya tsayawa, don yana shaƙar iska ta hanci yana busawa a lokaci guda. Kakaki kuwa faɗowa ya ke yi, ya faɗi tasa ya yi shiru. A nan a ke gane mai hankali, watau wanda ya san gurbinsa, ba ya danne algaita, ba ya riga ganga. In su biyu ne ko uku, sai a ji kamar baki ɗaya. Da yawa sun iya busa su kaɗai, amma in an gama su da wasu sai su ɓata taro, don ba su koyi saurare ba.

Ma'auni na uku shi ne shugabanci. Sarkin Busa shi ke sanin taken da ya dace da fitowar Sarki, da na komowarsa, da na taryen baƙo. Ba ya riƙe sanda, da ido da ɗaga bakin kakaki ya ke ba da umurni. Nauyin nan ba ƙarami ba ne. Misali a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan gaba mai tsawo tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka yi su don girmama shi, bikin da ya ɗore har yau. A irin wannan rana, take ɗaya da aka busa ba a muhallinsa ba yana iya ta da tsohon miki.

A ƙasashen Turai ma haka a ke auna mabushin ƙahonsu, ɗan'uwan begilar soja mai maɓallai uku: a ji shi shi kaɗai, a ji shi cikin ƙaramar ƙungiya, wani kuma har ya kai ga tsayawa gaban makaɗa yana bi da su da 'yar sanda. Akwai wani Bafaranshe, Moris Andire, an haife shi a 1933, ya yi aikin haƙar kwal yana yaro, ya ci gasar busa a Janiba a 1955, ya rasu a 2012. Har gobe a na jin busarsa a faifai, a na karanta labarinsa. Bai fi gwanin kakaki sanin sana'a ba don ƙahonsa ya fi yawan muryoyi, abin da ya fi shi da shi alƙalami ne.

To, nan gizo ke saƙa. Bikin sun Argungu ya shahara, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2016. Kowace shekarar da aka yi shi a kan rubuta sunan wanda ya kama babban kifi a Matan Fada, amma ba safai a kan rubuta na wanda ya busa wa Sarki ba. Masu jin maganar kakaki kuma raguwa su ke yi. In masu ji suka ƙare, gwani da ɗan koyo sun zama ɗaya, sai sana'a ta koma hayaniya.

Maganin wannan yana hannun wanda ya iya karatu da rubutu. Ya sami tsohon mabushi da ladabi, ya tambaye shi sunansa da na wanda ya koya masa, ya rubuta kalmomin kowane take da lokacin busa shi, ya karanta wa 'ya'yansa. Ran hawa kuma ya kasa kunne, ya gwada abin da ya rubuta da abin da ya ji. Allah ya ba da iko, amin.