Maye da Makasarsa

Wani ƙanena da ke Burkusuma ya kwana uku yana fama da wani littafi a waya, labarin maharbi mai bin sawun masu shan jini. Da muka haɗu a kasuwar Sabon Birni sai ya ce, "Yaya, na kai babi na ashirin ban san wa ke farautar wa ba. Littattafan nan duk shirme ne." Na duba, lallai littafin ya dagule. Hukuncin da ya yanke wa sauran ne ban karɓa ba.

Almarar jarumi da dodo ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun 1934 Bello Kagara ya sa Ganɗoki ya gwabza da aljannu, Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, daga baya su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka cika kasuwar Kano da littattafan yaƙi. Masu kiran wannan tatsuniyar manya ina zaton sun manta da abin da ya fara koya musu zaman karatu.

Abin da ke riƙe irin wannan labari shi ne makasa. Kowane dodo yana da ita, kuma wajibi ne mai karatu ya san ta da wuri. Dubi Dracula na Bram Stoker, 1897. Ba ya shiga gida sai an kira shi, tafarnuwa na korarsa, ba ya hutawa sai a kan ƙasar garinsu, shi ya sa ya yi dakon akwati 50 na turɓaya zuwa Ingila. Daga nan farauta ta zama lissafi: Van Helsing mai farautarsa da mutanensa na bin akwatunan suna lalatawa, kai kuma kana ƙirga saura. Littafin ƙanena fa? A babi na uku azurfa ke kashe dodon, a na tara ya haɗiye ta yana dariya. Wanda bai san abin da zai kashe dodo ba, ta yaya gabansa zai faɗi idan jarumi ya yar da makami?

Abin haushin, marubucin ya tsallake dukiyar da ke ƙofar gida. Bagobiri ba ya bukatar a yi masa bayanin maita. Ya san ƙanƙarar da ke cikin maye, ya san kurwa yake kamawa, ya san akwai ta gado akwai ta saye, tun yana yaro ya iya "kurwata kur". Makasar ma a fili take: a gane shi, a sa shi ya tsallake wanda ya kama. (A takarda nake nufi, zargin maita a gari ya wulaƙanta tsofaffi da yawa da ba su ji ba ba su gani ba.)

Ga kuma namu maharbin, Sarkin Mayu, wanda aka ce da ƙanƙarar cikinsa yake gane 'yan uwansa. Dodon Stoker daga Taransilbaniya ya zo a jirgin ruwa, baƙo ne, kashe shi ba ya raba zumunci. Mayen namu kuwa wataƙila gwaggo ce da ta yi renonka. Ka ba ni babin da Sarkin Mayu ya bi sawun kurwar yaro dare uku, sawun ya tsaya a bakin ɗakin mahaifiyar shi Sarkin Mayun, jama'a na bayansa suna jiran ya faɗi suna.