Hannun Malam Maman Barka da Kunnenmu

Daga Maraɗi zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Magamar Jibiya, ba tafiya ce mai nisa ba, kuma waƙa ba ta taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Ko a 2019 da aka rufe iyakar, shinkafa ce ta maƙale. Hanya irin wannan ce ta kawo mana muryar Malam Maman Barka, da farko a kaset, daga baya a waya. Sai dai rabinsa muka karɓa. Mun ɗauki mawaƙin, mun bar makaɗin a ƙetare.

Batube ne, haifaffen Taskar a gabashin Nijar, malamin makaranta kafin ya yi suna da gurmi. Da Hausarsa ya shiga gidajenmu, kuma a nan yawancin masu yabonsa suke tsayawa: ya iya magana, ya iya nasiha. Gaskiya ne. Amma babban aikin rayuwarsa ba a baki yake ba. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Mutumin da ya riga ya shahara ya koma almajiri, ya zauna gaban tsoho yana koyon ɗora yatsa. Makaɗanmu nawa ne za su yarda da wannan?

A saurari faifansa na 2009, wanda ya yi da makaɗin ganga Umaru Adamu. Biram ba ya ihu. Sautinsa na ƙasa-ƙasa ne, yana kewayawa yana komowa wuri guda, kuma daɗin yana cikin ɗan canjin da hannu ke sakawa duk lokacin da ya komo. Inda nake da ƙorafi shi ne wuraren da ganga ta yi wa tsirkiya yawa, kamar ana tsoron mai sauraro zai gaji in babu abin rausayawa. A lasifikar waya kuwa abin ya fi muni, don ƙaramar lasifika sautin ƙasa take fara yankewa. A sa abin kunne.

Laifin ba na waya kaɗai ba ne. Nazarinmu na waƙa nazarin baiti ne: jigo, salo, zambo, kirari. Kiɗa sai a ambace shi a layi ɗaya a wuce. Turawa suna da John Field, ɗan ƙasar Ailan da aka haifa a Dublin a 1782, ya yi yawancin rayuwarsa a Rasha, ya mutu a Mosko a 1837. Ba don wata kalma ake tuna shi ba. Ana tuna shi don salon kiɗan dare da ya buɗe a fiyano, wanda Chopin ya ɗauka ya faɗaɗa, kuma har yau ana buga shi saboda an rubuta shi a takarda, sauti bayan sauti.

Biram ba shi da wannan gata. Daga hannu yake zuwa hannu. Bukar Tar ya miƙa wa Barka, Barka ya kai shi dandalin WOMAD a Ingila a 2008, ya rasu a Yamai a watan Nuwamban 2018. A wannan ɓangaren iyaka, ko sunan abin kiɗan kaɗan ne suka sani.