Harshe da Alhaki a Fim ɗin The Milkmaid

1.0 Gabatarwa

A bayan takardar naira goma akwai hoton wasu matan Fulani biyu ɗauke da ƙoren nono. Shekaru da dama ke nan hoton yana yawo daga hannu zuwa hannu, ba a taɓa jin ta bakin matan ba. Wannan hoto ne ya zaburar da Desmond Ovbiagele ya shirya The Milkmaid, wato mai tallar nono, fim ɗin da aka ɗauka a Jihar Taraba, ya kuma fito a 2020. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba harshen da aka sanya a bakin waɗannan mata, domin a fim ɗin da jigonsa yaƙi ne da tauye haƙƙin ɗan'adam, zaɓin harshe shi ke nuna wanda aka ba dama ya kai ƙara da bakinsa.

2.0 Labarin a Taƙaice

'Yan tayar da ƙayar baya sun faɗa wa wani ƙauye ana tsakiyar biki, suka raba Aisha (Anthonieta Kalunta) da 'yar'uwarta Zainab (Maryam Booth). Aisha ta ci alwashin nemo ta. Da ta same ta, sai ta tarar Zainab ta zama matar Dangana (Gambo Usman Kona), ɗaya daga cikin mayaƙan, ta kuma rungumi aƙidarsu hannu bibbiyu. Nan ne ƙarfin labarin yake. Marubucin bai raba duniya gida biyu ba, azzalumai a nan, waɗanda aka zalunta a can. Zainab an zalunce ta, ita ma ta zalunta, kuma mai kallo ba ya samun sukunin yanke mata hukunci cikin sauƙi.

3.0 Hausa a Bakin Fulani

Mafi yawan zancen fim ɗin da Hausa aka yi, sai ɗan abin da ba a rasa ba na Fulatanci da Larabci. Wannan zaɓi ya yi rana. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar Oscar saboda Ingilishi ya rinjayi harshen Ibo a cikinsa. Shekarar da ta biyo baya sai Nijeriya ta tura The Milkmaid, wanda ba shi da wannan matsala, ko da yake bai kai zagayen ƙarshe ba. A gasar AMAA ta 2020 kuwa ya lashe kyaututtuka 5, ciki har da ta fim mafi kyau da ta fim mafi kyau a harshen Afirka. Ga mai kishin Hausa wannan abin alfahari ne, musamman da yake fim ɗin bai fito daga kasuwar finafinan Kano ba, inda soyayya da rikicin gidan aure suka daɗe da mamaye jigo.

Sai dai alfahari ba ya hana tambaya. 'Yan'uwa biyu Fulani, uwa ɗaya, idan suka keɓe cikin tsoro, da wane harshe za su yi raɗa? Duk wanda ya zauna a Jalingo ya san amsa. Garin shi ne mazaunin Sarkin Muri, sunansa ma Fulatanci ne, kuma a kasuwarsa mutum ɗaya zai yi ciniki da Hausa, ya gaida dattijo da Fulatanci, ya koma gida ya yi faɗa da 'ya'yansa da Mumuyanci ko Jukunanci. A irin wannan wuri Hausa harshen sarari ce, harshen baƙo da mota da kasuwa. Harshen ɗaki daban yake. Da a ce mai shirya fim ɗin ya riƙe wannan bambanci da ƙarfi, ya bar Fulatanci ya zama abin da ya rage tsakanin Aisha da Zainab, da ranar da Zainab ta ƙi amsa wa 'yar'uwarta da harshen uwarsu ta ishe mu shaidar cewa an ƙwace ta. Ba sai an yi dogon jawabi ba. A ganina wannan ita ce babbar damar da fim ɗin ya bari ta kuɓuce, alhali ƙasar da aka ɗauke shi ta miƙa masa ita kyauta.

Ba sabon abu nake nema ba. Abderrahmane Sissako ya riga ya yi haka a Timbuktu, fim ɗinsa na 2014 a kan mamayar da masu iƙirarin jihadi suka yi wa arewacin Mali a 2012. A can mayaƙan ba sa iya yanke hukunci sai da tafinta, domin Larabcinsu da Faransancinsu ba su ne harshen mutanen da suke mulka ba. Kowane zaman shari'a sai maganar ta bi ta baki biyu ko uku kafin ta isa kunnen wanda ake tuhuma, mai kallo kuwa ya gane da kansa cewa baƙi ne suka zo da doka. A The Milkmaid maharin da wadda aka kai wa hari duk Hausa ɗaya suke yi. Za a iya cewa wannan ma gaskiya ce, tunda fitinar arewa maso gabas ta cikin gida ce, ɗan unguwa ne ke kashe maƙwabcinsa. Na yarda da rabin wannan hujja. Amma akwai haɗari a ɗaya rabin: mai kallo a Legas ko Landan, wanda fassarar ƙasan allo kawai yake karantawa, zai tashi da zaton cewa Arewa baki ɗaya harshe ɗaya ce, kuma harshen ta'adda ne. (Abin lura, fim ɗin bai ambaci sunan wata ƙungiya ba, wanda hakan ya ƙara faɗaɗa zargin maimakon ya taƙaita shi.)

4.0 Almakashin Masu Tacewa

Ba duk laifin ke kan mai shiryawa ba. Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ba ta ba da izinin nuna fim ɗin a Nijeriya ba sai da aka yanke kimanin minti 24, galibi wuraren da suka taɓo addini. Dalilin hukumar a fili yake, gudun tayar da husuma ne, kuma ba dalili ne da za a raina ba a ƙasar da ta sha ganin jini a kan magana ɗaya.

To amma manazarcin harshe dole ya tambaya: me ya juyar da Zainab? Bindiga tana iya sace yarinya, amma ba ita ke sa yarinyar ta ga sacewar a matsayin rahama ba. Magana ce ke yin wannan aiki: wa'azin da aka karkatar, da kalmomin da kowa ya sani tun yana makarantar allo, kamar haƙuri da biyayya da shahada, aka zare musu ma'anarsu ta asali aka cusa wata. Idan aka rage wannan sashe, abin da ya saura shi ne mayaƙa masu rawani da harbi, wato hoton da jaridu suka riga suka gajiyar da mu da shi. Ta haka mai kallo na gida, wanda 'yarsa ce ake farauta da waɗannan kalmomi, ya sami kwafin da aka rage, cikakken kuwa ya tafi bukukuwan finafinai na ƙasashen waje, gaban mutanen da ba sa jin Hausa.