Fim Ɗin Kuɗin Tsafi: Gargaɗi Ne Ko Talla?

Tun 1992 da ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage da harshen Ibo, finafinan kuɗin tsafi suka cika kasuwa. Andy ya sadaukar da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri, ya kuɗance, fatalwarta ta addabe shi har ya haukace. Wannan ƙarshe mun yaba.

Amma jama'a, a ɗora a sikeli. Motoci da shagali sun cinye fim ɗin, nadama kuwa sai can a ƙurewa. Wanne yaron shago zai riƙe? Motar mana! Ga shi duk wanda Allah ya buɗa wa a unguwa sai a hau zarginsa.

Kada mu bar yara su kalla su kaɗai.