Filtar baƙin mai: me ya sa za ka raba ta da inda aka ɗaura ta?

Akwai wani kayan haɗi da ake tallatawa a shagunan intanet wanda idan ka gani zai iya burge ka: faifan alminiyam biyu masu ƙyalli, tiyo biyu, da 'yan kusoshi. Ana kwance filtar baƙin mai daga jikin inji, a ɗaura faifai ɗaya a gurbinta, a ja tiyo zuwa ɗaya faifan da aka kafe a wani wuri cikin bonet, sannan a ɗaura filtar a can. Masu tallar suna yin alkawari uku: juye zai yi sauƙi, mai zai riƙa hucewa, inji zai daɗe. Ga wanda motarsa ke bin titin Sakkwato zuwa Jega, ta Boɗinga da Shagari, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wannan magana ce mai daɗin ji. Amma fa daɗin ji daban, lissafi daban.

Mu fara da aikin man. Famfo ne ke zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi cikin filta, daga nan ya wuce wurin karanshaf da abin da kanikawa ke kira metal. Ɗan siririn man da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wurin bai kai kaurin gashin kanka ba, kuma shi kaɗai ne ya hana su cin juna. A yawancin motocin yau, duk man da zai je can sai ya bi ta filta. Ke nan duk abin da ka ƙara a wannan hanya, ka ƙara shi ne a kan jijiyar da ran injin ke rataye da ita.

Yadda kamfani ya ƙera, mahaɗa ɗaya ce: robar da ke bakin filta. Da ka sa wannan kayan, ga robar faifan farko, ga bakunan tiyo huɗu, ga kuma robar filtar. Wurin yoyo ɗaya ya koma shida, kuma tiyon na zaune ne kusa da zafin salansa, inji na jijjiga shi, mai mai zafin digiri 100 na bi ta cikinsa.

To, a ce baki ɗaya ya kwance. Ƙaramar mota kamar Golf ko Corolla na shan kusan lita 4. Idan tana gudu, famfonta na iya tura lita 20 a minti ɗaya. Yi lissafin da kanka: cikin daƙiƙa 12 kasko ya bushe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, mita 330 kacal za ta ci a wannan lokacin. Jan fitilar mai kuwa ba ta kamawa sai ƙarfin turin ya kusa ƙarewa. Direban da ya ɗauko fasinja daga Shagari zai nufi Boɗinga, kafin ya gane abin da ke faruwa ya samu gefen titi, inji ya riga ya buga. Kuma man da ya fesu kan salansa mai zafi na iya kamawa da wuta.

Ko babu abin da ya kwance, akwai asarar da ido ba ya gani. A wajajen 1840, wani likita ɗan Faransa mai suna Poiseuille, da ke nazarin gudun jini, ya nuna cewa faɗin bututu ba wasa ba ne: idan ruwa na tafiya salin-alin, ka rage faɗin bututu da rabi, sai ka ninka turi sau 16 kafin ruwa iri ɗaya ya wuce. Saboda haka tiyo mai faɗin milimita 10 a maimakon 12, wanda da ido kusan ɗaya suke, ya ninka wahalar sau biyu. Abin ya fi tsanani da asubar hunturu, lokacin da mai ya yi kauri, ga kuma tiyon da wataƙila ya tsiyaye cikin dare, sai ya cika tukuna kafin mai ya isa karanshaf.

Sai kuskuren ɗauri. Yawancin filtoci na da wata roba a ciki da ke barin mai ya bi hanya ɗaya kawai. Idan aka juya tiyon shiga da na fita, robar nan za ta tare man, inji ya tashi yana aiki a bushe. Haka zaren da ake murɗa filta a kai ba iri ɗaya ba ne: yawancin Toyota nasu ya ɗan haura milimita 19, na Honda 20. Mai faɗin na iya hawa kan ƙaramin kamar ya zauna, sai an hau titi ya tsinke. Kayan da aka rubuta wai yana shiga kowace mota, nan ne ya kamata ka tsaya ka duba.

Batun hucewar mai fa? Gaskiya ne filtar da ta yi nesa da inji za ta ɗan sha iska, amma gwangwani ne mai santsi. Na'urar sanyaya mai ta ainihi tana da fikafikai barkatai kamar lagireto, don faɗin da iska ke taɓawa shi ne ke kwashe zafi. Ƙurar hunturu kuma, babbar ƙofarta filtar iska ce. Ko ka kai filtar mai saman mota, ba ka rufe wannan ƙofar ba.

Ba wai kayan ba shi da rana ba. Idan an sa wa mota injin da ba nata ba, filta ta tokari ƙarfe har ba ta kwantuwa, ko tana rataye ƙasa inda dutse zai iya fasa ta a hanyoyin ƙauye da damina, to matsar da ita gyara ne. A nan sai a nemi tiyon da aka yi don mai mai zafi, ba na fetur ko na ruwa ba, mai faɗi, gajere, mai bakin murɗawa ba kilif ba, nesa da salansa. A ƙara mai daidai abin da tiyon ya sha, a kuma auna ƙarfin turin kafin ɗauri da bayansa.

In ba haka ba, mai karatu, duba cinikin da kyau. Abin da kake saye shi ne sauƙin 'yan mintoci ga bakanike ranar juye. Abin da kake biya shi ne haɗari a kowace kilomita. Kuɗin ya fi amfani a filta ta gaske, filtar iska sabuwa, da baƙin mai daga inda ka yarda da shi, tunda hukumar SON ta sha kama jabun man inji a kasuwanninmu. Duk wanda ya kawo maka wannan kayan, tambaye shi abu ɗaya: wace matsala ce ta injina zai magance? Idan amsar ita ce "ai ya fi kyau", ka bar filtarka inda take.