Wai Duk Wanda Ya Soki Musulunci Maƙiyin Musulmi Ne?

 Tun shekarar 2022, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 15 ga watan Maris don yaƙi da abin da Turawa ke kira Islamofobiya, kowace shekara sai gardama ɗaya ta dawo, a rediyo, a Facebook, har a bencin mai shayi. Wasu na cewa duk wanda ya buɗe baki ya soki Musulunci, ƙin jinin Musulmi ne ya sa shi. Wasu kuma na cewa sam, an ƙirƙiro kalmar ce don a toshe bakin masu tambaya. Ni ɗan kasuwa ne, nakan kuma ja salla idan liman ba ya nan, don haka duka maganganun biyu sun sha shiga kunnena. A ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya a wani wuri, ya kauce a wani wuri. Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa buƙatar rarrabewa, domin idan aka yi kuskure, a kanmu yake fara sauka.

Mu fara da ita kanta kalmar. Ƙasar Fakistan ce ta kai buƙatar gaban Majalisar a madadin ƙungiyar ƙasashen Musulmi. An zaɓi ranar ce saboda abin da ya faru a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand ran 15 ga Maris 2019, inda wani ɗan bindiga ya shiga masallatai biyu ranar Juma'a ya kashe mutum 51. Ba wanda zai yi musun cewa wannan ƙiyayya ce tsantsa. To amma fassarar kalmar ita ce tsoron Musulunci ko ƙyamarsa, alhali waɗanda aka harbe mutane ne masu suna, masu iyali. Kalmar ta zuba addini da mabiyansa a buhu ɗaya ta ɗinke baki, shi ya sa mai ƙin wata aƙida da mai ƙin mutane duk suna guda ake kiran su. Ko a ranar da aka amince da ƙudurin sai da Faransa da Indiya suka nuna ja. Abin lura shi ne, cibiyar Runnymede ta Ingila, wadda rahotonta na 1997 ya yayata kalmar, ita ba ta ce kowace suka ƙiyayya ba ce. Ta raba tsakanin mai saɓa wa Musulmi cikin mutunci, da wanda ya riga ya kulle zuciyarsa, yana kallon Musulmin duniya kamar mutum guda wanda ba ya canjawa, ba ya kuma da alheri. Wannan rabewar ita ce mafi amfani a cikin rahoton, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

To, 'yan uwana masu cewa kowace suka ƙiyayya ce, da ku zan fara, tunda ku ne na gida. Wannan magana ba ta da gindi a addininmu. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san Alƙur'ani cike yake da maganganun masu musu. Sun musa tashin ƙiyama, sun ce tatsuniyoyi ne, sun ce waƙa ce, Allah bai ɓoye ko ɗaya ba, sai dai Ya kawo Ya ba da amsa. A Suratun Nahli aya ta 125 an umarce mu da yin jayayya ta hanya mafi kyau, a Ankabut aya ta 46 aka maimaita haka game da ma'abota littafi. Ana jayayya da wanda ya yarda da kai ne? Kiristocin Najrana sun zo Madina, sun zauna da Annabi (SAW) a masallacinsa, sun yi muhawara a kan Annabi Isa (AS), ba su musulunta ba, suka koma gida da yarjejeniyar zaman lafiya.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu nawa ne a nan Sabo ba mu kalli kaset ɗin muhawarar Sheikh Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart ba, wadda aka yi a Amurka a 1986? Mun kalla, mun yi kabbara. Me Deedat yake yi a ciki in ba sukar aƙidar Kiristanci ba? Shin maƙiyin Kiristoci ne? In ka ce a'a, hujja kawai yake kawowa, to ai ka yanke wa kanka hukunci. Mudun da ka auna wa kanka, da shi za ka auna wa wani. Maƙwabcinka Bayarabe Kirista da ya ce bai yarda da auren mata huɗu ba, ko bai gane hikimar rabon gado ba, amma yana sayen kayanka, yana yi maka barka da salla, in gobara ta tashi yana cikin masu ɗebo ruwa, wannan ba maƙiyinka ba ne. Mutum ne da bai yi imani da abin da ka yi imani da shi ba. Kai ma haka kake a wurinsa. Kai, mu kanmu fa? Abin da ɗan Izala da ɗan ɗarika suka faɗa wa juna a kan lasifika tun 1978 zuwa yau, wallahi wani faston bai faɗi rabinsa ba.

Akwai kuma asara a cikin wannan ɗabi'a. Idan kullum kana ihun ɓarawo a kan wanda ya taya kayanka da arha, ranar da ɓarawon gaske ya zo ba mai fitowa. Haka kalmar ƙin jinin Musulmi take. In mun ƙarar da ita a kan mai tambaya, me za mu kira wanda ya hana ɗanmu hayar ɗaki saboda sunansa Abdullahi? Bayan haka, tana zama mafaka ga masu ɓarna a cikinmu. Wani ya ce yaran da ke yawo da kwano a titi ba tsarin karatu ba ne, ko ya tambayi yadda aka yi Boko Haram ta samu mabiya, sai mu yi tsalle mu ce ana yaƙar addini. Alhali malamanmu sun daɗe suna faɗin haka a kan mumbari. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ko da wanda ya faɗa maka ba ya salla.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, masu cewa su ra'ayi kawai suke suka, ba ruwansu da mutane. A takarda maganar tana da daɗi. A kan titi kuwa, ba aƙida ake tarewa a shingen bincike ba, mai gemu da hula ake saukewa daga mota. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, an harbe wani mai gidan mai a jihar Arizona ta Amurka, sunansa Balbir Singh Sodhi. Ba Musulmi ba ne ma, mabiyin addinin Sikh ne, rawaninsa da gemunsa aka gani. Wace mas'ala ta fiƙihu wanda ya kashe shi yake suka? Wannan ya isa ya nuna akwai ƙiyayyar da ba ta karanta littafi ko ɗaya ba, kuma sau da yawa ita ce ke aron rigar suka, ana fakewa da guzuma ana harbin karsana.

To yaya za a gane? Ni abin da nake dubawa shi ne inda maganar ta sauka. Mai suka na gaskiya yakan kama mas'ala guda, ya faɗi inda ya samo ta, in ka ba shi amsa ya saurara, ko da bai gamsu ba. Maƙiyi kuwa daga mas'ala yake tsallakawa zuwa mutane, ya ce dukkanku haka kuke. In ɗan ta'adda ya karanta aya ya ce wannan shi ne ainihin Musulunci, in malamai dubu suka ƙaryata ɗan ta'addan ya ce yaudara suke yi. Ba amsar da za ta wanke ka a wurinsa. Ƙarshen zancensa kullum a hana ne, a hana su aiki, a hana su gina masallaci, a mayar da su garinsu.

Shari'ar hijabi ta Legas misali ce mai kyau. Malamin makaranta ya ce shi bai ga amfanin hijabi ba, wannan ra'ayinsa ne, a ba shi amsa. Amma a tsayar da yarinya a bakin ƙofa a ce ko ta cire ko ta koma gida, an tashi daga sukar addini an koma tauye haƙƙin mutum. Musulmin Legas ba su ƙona komai ba. Sun je kotu, aka kayar da su a babbar kotu a 2014, suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar musu a watan Yuni 2022. An daɗe, amma yau 'ya'yanmu da ke makarantun gwamnatin Legas suna cin moriyar wannan haƙurin.

Saura izgili, wanda shi ba suka ba ne. Zanen ɓatancin da jaridar Jyllands-Posten ta Denmak ta buga ran 30 ga Satumba 2005, da ƙona Alƙur'ani a ƙofar babban masallacin Stockholm ranar Babbar Salla ta 2023, babu hujja a cikinsu da za a ce a zauna a warware. Wanda ya zaɓi ranar idi da ƙofar masallaci, ai mutanen ciki yake nufi. Ba zan taɓa kiran wannan neman gaskiya ba. Amma mu tuna abin da ya biyo bayan zanen nan a ƙasarmu. A watan Fabrairu 2006 zanga-zanga a Maiduguri ta rikiɗe, aka ƙona majami'u, aka kashe Kiristocin da ba su san ma inda Denmak take ba. Cikin 'yan kwanaki aka yi ramuwa a Anaca, aka kashe gommai na 'yan Arewa, masu tireda da 'yan dako da masu sayar da albasa, wasu suka tsallaka gada zuwa Asaba da rigar jikinsu kawai. Mai zanen yana can ƙasarsa, mutanen zango ne suka biya. Kuma ku duba da kyau, wanda ya kashe a Maiduguri da wanda ya kashe a Anaca hanya ɗaya suka bi, kowanne ya ɗora laifin mutum guda a kan al'umma. Ai shi ne ainihin abin da muke kuka da shi. Umarnin da ke Suratun Nisa'i aya ta 140 shi ne a tashi daga majalisin da ake izgili da ayoyin Allah. A An'am aya ta 108 kuma an hana mu zagin abin bautar wasu, don kada su rama da zagin Allah.

Wani abin da mazaunin Kurmi ya kamata ya riƙe shi ne, ba kowace tsana da muke gamuwa da ita ce ta addini ba. Rikicin kasuwar Shasha a nan Badun, a watan Fabrairu 2021, tsakanin Hausawa da Yarbawa aka yi shi, alhali Yarbawan Badun da yawa sahu ɗaya muke tsayawa da su ranar Juma'a. Wannan ƙabilanci ne da rigimar kasuwa. In muka sa masa sunan yaƙi da Musulunci, mun yi wa cuta maganin wata cutar, mun kuma kori 'yan uwan da za su tsaya mana.

Shawarata ga matasanmu, musamman masu waya a hannu: kafin ka kira mutum maƙiyin Musulunci, tsaya ka karanta abin da ya faɗa har ƙarshe. In tambaya ce, amsa ta in kana da ilimi, in ba ka da shi kai ta wurin malam, zagi ba ya cike gurbin karatu. In izgili ne, kauce, kada ka yaɗa shi da sunan kishin addini, don kai ne kake yi masa talla kyauta. In kuwa haƙƙin mutum aka taɓa, an kori yarinya daga aji, an hana Musulmi aiki ko haya, an yi barazana ga masallaci, to a nan ba shiru. A rubuta abin da ya faru, a sanar da Sarkin Hausawa da shugabannin masallaci, a nemi lauya. Mu kuma lura da bakinmu a kan Kiristan da ke zaune a Sabon Garin Kano ko na Zariya, domin shi ma baƙo ne kamar mu, abin da yake tsoro da dare shi muke tsoro. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta wajabta mana adalci har ga wanda muke ƙi, balle maƙwabci.

Allah Ya ba mu ilimin kare addininSa da haƙurin zama da mutane, Ya tsare zangunanmu da masu masaukinmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.