Jinjina ga Masu Goge Ƙarfen Kiɗa

A Filinge, cikin kwarin Dallol Bosso, makaɗi ke shan yabo a filin kokawa da gidan biki, amma ba kasafai ake tuna yaransa da maƙeran da ke kula da kayan kiɗan ba. Su ke kankare tsatsar kuge bayan damina, su shafa masa mai. Faifan tagulla na gangar zamani kuwa, da ruwan tsamiya da toka mai laushi suke cuɗa shi, suna bin zanen da'irarsa, su ɗauraye, su tsane shi nan take, don tsami in ya kwana yakan ci tagulla. Dauɗa da gumin hannu na dusashe amo, su ke maido da shi. Sannunku da aiki, Allah ya yi albarka!